Fankar da Sai An Riƙe

Tun da na yi wayo ban taɓa ganin Inna ta zauna kusa da Baba da rana haka kawai ba. In ka ga ta doshi ɗakinsa, to da abu a hannunta: kwanon abinci, ko buta, ko rigunansa da ta ninke. Za ta yi sallama, ta durƙusa ta ajiye, ta ce, "Ga shi, Malam," ta juyo. Ba faɗa suke yi ba, ban ma taɓa jin sun ɗaga wa juna murya ba. Kunya ce kawai irin ta mutanen da. Sun haife mu, sun aurar da mu, jikoki sun cika musu tsakar gida, amma har yanzu a ganin Inna mace ta zauna hira da mijinta da rana tsaka, 'ya'ya na shiga suna fita, rashin ta ido ne. Shi ma Baba bai taɓa kiran sunanta a gabanmu ba. In yana nemanta gyaran murya yake yi, ita kuma ko tana cikin daka sai ta ji.

Abu ɗaya ne yake zaunar da ita a ɗakin nan, shi ne mafici. Tana da wani na kaba, ta bi bakinsa da jan ƙyalle ta ɗinke don kada ya warware. In zafi ya shigo, bayan an yi azahar, sai ta sauko da shi daga ƙusa ta ce da duk wanda ke kusa, ko da kaza ce, "Bari in je in ɗan yi wa Malam fifita, zafin nan ya yi yawa." Fifita aiki ne, kuma ba mai ganin laifin mace in tana aiki. Da wannan hujjar take samun zama a gefen tabarmarsa har a kira la'asar. A duk shekara wannan ne rabonta da shi a idon rana, ba ta da wani.

Gidanmu yana cikin birnin Zazzau, a wani lungu da in babur biyu suka haɗu sai ɗaya ya ja da baya. Ginin ƙasa ne tun na kakanni, ɗakunan soro ne masu kaurin bango, waɗanda ko a tsakiyar bazara in ka shiga sai ka ji kamar an yayyafa ruwa. Ɗakin Baba ne kaɗai ya fita daban. Wata damina azararsa ta ruɓe, rufin ya rufta, aka ce a yi na zamani, aka buga kwano. Tun daga nan ɗakin ya zama tanderu. An yi, an yi ya koma wani ɗakin ya ƙi, wai littattafansa sun saba da nan.

Baba malamin zaure ne. Ba yara yake koyarwa ba, manya ne: teloli, 'yan kasuwa, da wasu ma'aikata da suka yi ritaya, kowa da littafinsa a hammata, su zo bayan asuba su dawo bayan la'asar. A shekarar da nake ba da labari ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, ya taɓa hannun hagu da ƙafar hagu, ya kuma rage masa murya. Bayan an sallamo shi daga asibiti zaure ya gagare shi. Da sanda da taimakon mutum yake kaiwa bayi ya dawo, sauran yinin yana ɗaki. Likita ya ja mana kunne a kan abu biyu, gishiri da zafi. Gishiri mun iya masa. Zafi kuwa, ga bazara ta kunno kai, wuta kuma a unguwarmu baƙuwa ce, in ta leƙo da safe ba za ka sake ganinta ba sai ka fid da rai. Fankar da ke rataye a saman ɗakin har gizo-gizo ya yi mata saƙa.

Saboda haka fifitar da a da ake yi don marmari ta koma aikin dole. Ni ina aure a Tudun Jukun, ina koyarwa a wata firamare, kullum in an tashi sai in biyo ta gida. Abin da nake tararwa ke nan: Baba a kishingiɗe, Inna a gefe ta tanƙwashe ƙafa, mafici na kai da komowa. Kuma suna magana. Wannan ne ya fi ba ni mamaki, don ban san suna da abin faɗa wa juna haka ba. Na sha tsayawa a bayan labule ina saurare. Ba wata magana ce mai nauyi ba. Ta gaya masa wanda ya rasu a unguwa da wadda ta haihu, da tunkiyar da ta ƙi cin dusa. Shi kuma ya ɗauko mata wani labari daga cikin littattafansa, da muryar nan tasa da ta koma kamar raɗa, yana yi yana hutawa, ita tana cewa, "Ikon Allah," ko kuma, "Kai, amma wannan mutum bai kyauta ba." Wata rana har dariya na ji ya yi, abin da ban ji ba tun da ya kwanta. Da na yi sallama sai su yi tsit, Inna ta ƙara wa mafici sauri.

Sai dai kafaɗar Inna ba ta yarinya ba ce. Kafin bazara ta yi nisa ta fara sauya hannu, daga dama zuwa hagu, daga hagu zuwa dama. Sannan warin man zafi ya fara bin ta duk inda ta gifta. Ranar da na same ta tana kokawa da ɗankwali, ta kasa ɗaga hannu ta ɗaura, na ce a'a, abin ya isa haka. Na ce ta bari mu riƙa karɓar ta, ni ko jikoki. Ta ce jikoki ba su iya ba, a hanci suke buga wa mutum mafici, ni kuma in je in ji da gidan mijina.

A nan Yaya ya shigo maganar. Yaya shi ne ɗan fari, yana aiki a wani ofis a unguwar Kongo, nan Zazzau, mutum ne mai son iyayensa, mai kuma son a gama abu yau-yau. Tsakaninsa da Inna akwai kunyar ɗan fari. Ba ta faɗin sunansa, ba ta haɗa ido da shi, in ya durƙusa gaishe ta bango take amsa wa. Gemunsa ya fara furfura amma har yanzu in za ta ambace shi sai ta ce "yaron nan". Saboda wannan kunyar, duk abin da ya kawo gidan ba ta iya buɗe baki ta ce ba ta so.

Da ya ji labarin kafaɗa, washegari sai ga shi da fankar gidansa a bayan mota, aka sauke a bakin titi aka shigo da ita lungu a ka. Babba ce mai caji, doguwa ta kusa kai mini ƙirji, da fitila a wuya, da rimot, da farantin sola da aka jingina a kan katanga. Ya kafa ta wajen ƙafafun Baba ya danna, kanta ya fara juyawa dama da hagu, takardun da ke cikin littattafai suka fara tashi. Gaskiya iska ce ta gaske. Baba ya lumshe ido ya ce, "Alhamdu lillahi." Yaya ya juya wajen ƙofa, inda Inna ke tsaye da maficinta, ya ce, "To Inna, daga yau kin huta. A kunna kawai, kowa ya kama gabansa."

Inna ta dubi bango ta ce, "Madalla. Allah ya yi albarka." Ta je ta rataye mafici a ƙusarsa.

Kafaɗa ta yi sauƙi, wannan ba zan hana Yaya ladansa ba. Cikin 'yan kwanaki ta koma ɗaura ɗankwalinta da kanta. Amma gidan ya mutu. In na zo bayan azahar sai in ji ƙugin fanka daga ɗakin Baba, shi kaɗai a ciki yana kallon kwano. Inna kuma tana bakin madafi da faifan shinkafa a cinya tana tsinta, shinkafar da ko da tocila ka duba ba za ka samu tsakuwa ɗaya ba. Can sai a ji gyaran murya. Ta miƙe da sauri ta je, ya ce a ba shi ruwa, alhali ga moɗa cike a gefensa. Ta zubar ta sake ɗebowa, ta ajiye, ta ce, "Ga shi, Malam," ta ɗan tsaya ko akwai wani abu, babu, ta dawo kan faifai. Haka za a yi ta sauya ruwan nan har randa ta yi ƙasa. Abincinsa ma ya fara dawowa da saura.

Abin ya ci mini rai, ni kuma ba na iya riƙe magana. Na zauna kusa da ita na ce, "Inna, wai me zai hana ki je ki taya shi hira? Mijinki ne fa, ba na aro ba."

Ta ɗago ta dube ni kamar na yi saɓo. "In je in zauna in yi masa me? Ga inji can yana yi."

"Ki zauna kawai."

"Kawai?" ta ce. "Ku 'yan boko komai kawai ne a wurinku. In ɗalibansa suka shigo dubiya suka tarar da ni na baje a ɗaki hannu biyu a cinya, su ce me? Tashi ki ba ni wuri, marar ta ido."

Na tashi na ba ta wuri, na kira Yaya a waya. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ke matsalarki komai sai kin mayar da shi darasi. Kafaɗa ke ciwo, an samo magani. Zafi ke damun Baba, an samo magani. In hira suke so wa ya hana su?" Na ce kunya ta hana su. Ya ce to shi bai san kemis ɗin da ake sayar da maganinta ba. Na kashe wayar ina huci, abin haushin kuma shi ne ban ga inda ya yi ƙarya ba.

Allah da ikonsa, matar Yaya ta haihu a tsakiyar zafin nan. Mai jego, ga wankan ruwan zafi ga zafin gari, dole fanka ta koma gidanta. Yaya ya zo ya ɗauka yana ta ba da haƙuri, ya ce in je kasuwa in zaɓo wata irinta ko wadda ta fi ta, duk abin da aka ce shi zai biya. Ko lungu ba a gama fita da ita ba Inna ta sauko da mafici, ta kaɗe shi a cinya, ta ce da akuyar da ke ɗaure, "Bari in je, kar zafi ya yi wa Malam yawa." Na ga yadda take tafiya, har da ɗan sauri. A ranar Baba ya cinye abincinsa tas. Ba a daɗe ba kuma warin man zafi ya dawo.

To ka ga inda aka bar ni. In na sayo babba, kafaɗa ta huta, Inna ta koma kan faifai, Baba ya koma kallon kwano. In ban sayo ba, tana gefensa, amma hannun zai iya tashi daga aiki gaba ɗaya. Na yi ta jan ƙafa, ina ce wa Yaya ayyuka sun yi mini yawa a makaranta.

Maigidana ne ya wayar mini da kai a kan fankoki. Yana noman rani a bakin wani rafi a bayan gari, tumatir da albasa, in kaya suka nuna yakan yi kwanaki a can cikin bukkar tamfol yana gadi. Yana da wata 'yar fanka mai ƙugiya da yake ratayawa a cikin gidan sauro, ya ce ba don ita ba da tuni ya bar wa ɓarayi albasar. Ya ce in na je kada in kula da abin da aka rubuta a kwali, kowane kwali cewa yake fankarsa ba ta gajiya. In ɗaga in ji, don batir na gaskiya ba ya rasa ɗan nauyi. In duba bakin cajin ya zama irin na waya, yadda ko wuta ba ta zo ba za a iya kai ta wurin mai cajin waya a bakin layi. In kuma ƙure ta in saurara, don wata ƙararta ta fi iskarta. Yana cikin saka takalmi ya ƙara da cewa in tuna da yatsun jikoki, in duba ragar gaba. Sai kuma ya tsaya ya ce, "Wai ma wa za a saya wa, Baba ko Inna?" Na buɗe baki zan ce Baba, sai na rufe.

Ranar Asabar da hantsi na hau keke mai ƙafa uku zuwa Tudun Wada, shagon wani Alhaji mai kayan wuta. Mutum ne mai fara'a da baki, irin wanda in ka tsaya tambayar hanya ma sai ya sayar maka da tocila. Shagon cike yake da fankoki, ya kunna rabinsu, ledoji sai kaɗawa suke.

"Hajiya, ta gida ce ko ta tafiya?" ya tambaye ni.

Na ce ta marar lafiya ce.

Ya fara da doguwa irin ta Yaya. "Wannan ki kafa ta a kusurwa ki manta da ita." Ya ɗauko ta tebur mai fitila da rediyo. "Wannan ki danna ki tafi harkarki." Ya nuna mini mai maƙalawa irin ta maigidana, ya ce masu kwanan gona da maniyyata ke rububinta saboda zaman tanti, amma a jikin gado ma tana kamawa, ba sai wani ya zauna gadin marar lafiya ba. Akwai wata da ake zuba wa ruwa tana feso raɓa. Akwai ta ratayawa a wuya, ya rataya a nasa wuyan ya kunna, gemunsa na rawa yana ci gaba da bayani. Duk wadda ya ɗauko, abin da yake yabonta da shi ɗaya ne, ba ta buƙatar mutum. Shi talla yake yi, bai san duk yabon da ya yi ƙara kore ni yake ba.

Har na fara shirin cewa zan dawo, sai idona ya faɗa kan wani kwando a ƙarƙashin kantar shagon, cike da fankokin hannu masu mariƙi kamar madubi. Yawancinsu ƙanana ne, irin waɗanda 'yan mata ke riƙewa a wurin biki don kada kwalliya ta narke. Amma akwai wasu masu faɗin fuska kamar murfin kwanon miya. Na ɗauki ɗaya. Mariƙin ya cika hannu, ƙarshensa a mulmule yake. Na tsayar da ita a kan kantar, ta kife.

"A'a Hajiya, wannan ba ta marar lafiya ba ce," in ji Alhaji. "Wannan sai an riƙe."

Na ce, "Sake faɗa."

"Na ce sai an riƙe ta. Mutum zai gaji."

Na roƙe shi benci. Na zauna, na ɗora gwiwar hannu a kan cinya yadda Inna ke zama, na kunna, na riƙe. Kafaɗa ba ta da aikin yi a nan, wuyan hannu ne kawai ke ɗan karkatawa. Na daɗe a haka, masu shigowa na kallona, ina jira in ji inda zai fara yi mini ciwo, ban ji ba. Na gwada sauran ɗaya bayan ɗaya. Mai nauyin cikinsu na ajiye, don hannun tsohuwa ne zai ɗauka. Marar nauyin ma na ajiye, don na tuna da maganar batir. Na ware ta tsaka-tsaki, na duba raga, na duba bakin caji.

Saura ƙara. Na ce Alhaji ya kashe sauran fankokin, ya kashe yana kallona ta gefen ido. Na ce, "Alhaji, don Allah yi mini magana ƙasa-ƙasa, kamar marar lafiya."

"In ce me?"

"Ko me."

Ya waiga ya ga ba kowa, ya sunkuyo ya raɗa mini kuɗinta da muryar wanda ya daɗe a kwance. Na ji shi sarai. Na sauya wata mai ruwan hoda, ita wannan kuka take kamar sauro a kunne, ya sake raɗawa ban ji komai ba. Na koma wa ta farko. Na ce ya ba ni biyu iri ɗaya, in ɗaya na aiki ɗaya na wurin caji.

Yana mayar da su kwali sai ya zaro wani ɗan zoben roba daga ciki. "Af, na manta, ashe suna da mazauni. In kika dasa mariƙin a nan sai ta tsaya da kanta a kan tebur."

Na ce, "Bar su a wurinka."

"A cikin kuɗin suke fa, Hajiya."

"Na sani. Na bar maka."

Ya riƙe zobban a hannu yana jujjuyawa. Har na fita ina jin yana gaya wa maƙwabcinsa cewa yau ya ga abin da ya fi ƙarfinsa.

Na shiga birni ta Ƙofar Doka ana kiran azahar. Ina ta shirya abin da zan ce, don Inna ba a yi mata wayo, in kuma ta ji ƙanshin cewa an shirya abu ne don a zaunar da ita kusa da Malam, to ko kallon abin ba za ta yi ba. Na same ta a tsakar gida, na miƙa mata ɗaya na ce, "Inna, ga abin da na samo. Sai dai tana da aibi ɗaya, ba ta tsayuwa."

Ta karɓa ta jujjuya. Na nuna mata wurin dannawa, iska ta bugi fuskarta ta ja da baya tana salati. Sannan ta sunkuya ta tsayar da ita a ƙasa, ta faɗi. Ta jingina ta da turmi, ta zame. Ta sake gwadawa da ƙafar kujera, a hankali, kamar mai son a shaida ta yi iya ƙoƙarinta, ta sake zamewa.

"Kayan zamani ke nan," ta ce. "A yi abu ba ƙafa ba mazauni. To yanzu wa zai zauna riƙon wannan?"

Na ce ni dai ina da makaranta.

"Jikoki kuma su yar su fasa," ta ce. Ta yi ajiyar zuciya irin ta wadda aka ɗora wa kaya. "To ya za a yi. Bari in je, kar a yi asarar kuɗin yaron nan."

Ba ta kalle ni ba, ni ma ban kalle ta ba. Ta wuce ɗakin Baba da fanka a hannu, ta yi sallama.

Da yamma Yaya ya zo ganin abin da aka sayo. Inna tana jin muryarsa ta ajiye ta fice. Ya tsaya a bakin ƙofa ya dubi fankar, ya dube ni. "Na aike ki sayen fanka kin sayo abin wasan yara?" Na ce iskarta a kusa take, kai tsaye, kuma ba ta tayar da takardu. Ya ce ai an koma gidan jiya, Inna ce dai za ta riƙe. Ya ɗauka, ya jawo manyan littattafai biyu ya matse mariƙin a tsakaninsu, ta kuwa tsaya cak tana hura wa Baba iska. Ya juyo yana murmushin nasara.

Baba ya buɗe ido. A hankali, da muryar nan tasa, ya ce, "Littafin ilimi ne ka mayar matokari?"

Yaya ya zare ta da sauri kamar ya taɓa garwashi, ya mayar da littattafan yana ba da haƙuri. Ni kuwa na san littattafan nan. Ɗaya tsohon ƙamus ne da Baba da kansa ya sha tokare taga da shi in iska na kaɗawa. Baba ya mayar da idonsa ya rufe.

Yaya bai haƙura da zafin ba, kuma ya yi daidai. Satin da ya biyo baya ya kawo kafinta aka buga silin a ƙarƙashin kwanon, ɗakin ya sauka daga tanderu ya koma ɗaki. Amma bai sake ɗago maganar babbar fanka ba. Ko ya gane ne, ko ya gaji da ni ne, ban tambaye shi ba. Haka aka ƙarasa bazara, fanka ɗaya a hannun Inna, ɗaya a wurin mai caji. Ita da ba ta taɓa kula da wayarta ko ta mutu ko tana raye ba, sai ga ta ta koyi karanta 'yan fitilun da ke jikin mariƙi, ta san wadda ta cika da wadda ta kusa ƙarewa. Warin man zafi ya bar gidan. Labarai suka ci gaba a bayan labule. Baba ma ya fara takawa da sanda shi kaɗai, daga tabarma zuwa bakin ƙofarsa, ya huta, ya koma.

Da ruwan farko ya sauka sauro ya biyo baya, zazzaɓi ya kwantar da Inna. Aka yi mata allura aka ce ta huta. Ranar irin ranakun nan ne da hadari ke haɗuwa ya ƙi zubowa, gari ya yi ɗif, ko ɗakin soro bai tsira ba, wuta kuma babu. Na taso daga makaranta na biyo, na fara leƙa ɗakin Baba kamar kullum. Ba ya ciki. Tabarma a shimfiɗe, carbi a kai, sanda babu. Na duba bayi, na duba zaure. Sai na ga sawun sanda da jan ƙafa a kan damshin tsakar gida, ya miƙe har ƙofar ɗakin Inna, ɗakin da tun da nake ban taɓa ganin ya taka da rana ba.

Labulen a ɗage yake. Yana zaune a kan 'yar kujerar da Inna ke girki a kai, rigarsa ta jiƙe da gumi, hannun hagu a kwance a cinya. Ya ɗora gwiwar hannun dama a kan cinyarsa, yana riƙe da fankar saitin kanta. Inna ta juya wa ƙofa baya, ta ja mayafi har kunne.

Na yi sallama a hankali. Ya ɗago ya dube ni, bai motsa ba.

"Abin nan da kika sayo," ya ce, "ba ya tsayuwa. Na jingina shi da filo ya faɗi."

Daga cikin mayafi Inna ta ce, "Malam, yara na gani."

"To in yar ya fashe?" ya ce. "Kuɗin yaron nan ne."

Ta ƙara jan mayafin. Na ga hannunsa ya fara gajiya, har na ɗaga ƙafa zan shiga in ce ya kawo in karɓe shi. Sai na tsaya. Na sauke musu labule. Na je madafi na ɗauko faifai, na zuba shinkafa, na zauna a bakin ƙofa inda zan ji in an yi gyaran murya. Shinkafar tsintacciya ce tun jiya, amma na yi ta tsinta har aka kira la'asar.